Sarƙar abinci da karin maganar da ta dace da ita

Wata malamar firamare daga Gwale ta aiko da tambaya. Tana koyar da darasin wa ke cin wa a cikin halittu, tana neman sunansa da Hausa, da karin maganar da za ta sa yara su riƙe shi.

Malama, sarƙar abinci ake cewa, don kowace gaɓa a maƙale take da 'yar'uwarta. Gaɓar farko tsiro ce, shi ke haɗa abincinsa daga hasken rana da ruwa da iska. Daga nan sai masu cin tsiro, sannan masu cin nama. Ga misalin da yaran Kano suka sani: gero, fara, ƙadangare, maciji, shaho. In za ki zana a allo, bakin kibiya ya dubi mai ci. Nan yara suka fi yin kuskure, sai su juya ta, ka ga fara na ciyar da gero.

Da yawa za su ba ki "Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta." Ba laifi, amma fin ƙarfi kawai take nunawa. Ni na fi son "Kowa ya ci zomo ya ci gudu." Bahaushe na nufin ba a samu sai da wahala, kuma lissafin masana ya zo daidai da haka. Tun aikin Raymond Lindeman na Amurka a 1942 ake ƙiyasta cewa kusan kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da ke wani mataki ne ke hawa na sama. Sauran ya tafi a numfashi, ɗumin jiki, guje-guje, kashi, da abin da ba ya ciwuwa kamar ƙashi da gashi. A ƙiyasce, ciyawa kilo 1,000 ta ba da zomo kilo 100, shi kuma ya ba da dila kilo 10. Shi ya sa da wuya sarƙa ta wuce gaɓa huɗu ko biyar, shi ya sa kuma fara ta cika gona amma shaho ɗaya ko biyu ne a sama.

Wani kuma daga Fagge ya tambayi ma'anar "Ungulu ba ta jewar banza." Jewa ita ce shawagi a sama, inda ta yi ta kewayawa, akwai mushe a ƙasa. Ana faɗa wa wanda ba ya zuwa wuri sai da abin da ya hango.

Ungulu ba ta farauta, share mushe take yi kafin ya ruɓe. Dattawa na tuna yadda take cika kwata a Kano, yau da wuya ka gan ta, saboda guba da masu neman kanta don haɗa magani. A Indiya, maganin shanu mai suna diclofenac ya hallaka fiye da kashi 90 cikin 100 na ungulayen ƙasar tun daga shekarun 1990. Mushe ya koma hannun karnukan titi, suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru, har aka hana ba dabbobi maganin a 2006.