Muryar Malam a guruf kan kalmar pool

Assalamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da yamma, da fatan kowa ya wuni lafiya. Toh ƙanwata naga tambayarki tun ɗazu, kince kin nemi aiki a wata ƙungiya sun dawo miki da saƙo wai ba'a ɗauke ki wannan karon ba amma sun saka sunanki a talent pool ɗinsu, ke kuma abinda kika sani da pool wurin ninƙaya ne irin na manyan otal, sai kuma naga Yaya ya amsa cewa shi a saninsa pool caca ce ta ƙwallo. Nace bari in yi murya kawai dan maganar tana da ɗan tsawo, dan Allah a saurara da kyau musamman yaranmu masu shirin JAMB da WAEC.

Da ke da Yaya duk kuna kan daidai. Amma bari in fara da naki tunda shine mai muhimmanci. Abinda suke nufi shine sun ajiye takardunki cikin jerin mutanen da suka ga sun cancanta, in gurbi ya samu nan gaba daga cikin wannan jerin zasu fara dubawa kafin su sake tallata aikin. Ba ɗauka bace kuma ba kora bace, an ajiye ki ne a gefe. Shawarata ki mayar musu da godiya a taƙaice, layi biyu ya isa, sannan ki cigaba da neman wani wurin kar ki zauna jiransu, dan wasu da gaske suke suna kira, wasu kuma hanyar sallama ce cikin mutunci kawai.

To me ya haɗa takardun neman aiki da ruwan wanka? Abinda ya faru shine kalmomi biyu ne daban daban asali suka zo suka haɗu a rubutu ɗaya da faɗa ɗaya. Ta farko tsohuwar kalmar turanci ce tun kaka da kakanni, tana nufin ruwan da ya taru wuri guda ya kwanta baya gudu, abinda mu zamu ce kududdufi ko ɗan tafki ko gurbi mai zurfi a cikin rafi. Daga nan swimming pool ya fito, wanda ake ginawa da siminti da tayil a zuba ruwa a sa masa maganin kashe ƙwayoyin cuta, irin na gasar Olamfik tsawonsa mita 50 faɗinsa mita 25. Amma ba dole sai ginanne ba, waɗanda suka taɓa zuwa Yankari a Bauchi sun san ruwan Wikki, wannan ruwan ɗumin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin dutse garai garai har kana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa wajen digiri 31 dare da rana, shima bature pool zai kira shi. Kuma ba ruwa kaɗai ba, in kina karanta jarida kika ga an rubuta an tsinci mutum in a pool of blood, Allah ya kiyaye, nufinsu an same shi kwance male-male cikin jini. Man inji ya tsiyaye a ƙarƙashin mota ya taru shima haka ake cewa.

Har sunan Liverpool ma daga nan yake, ku masu goyon bayanta a guruf ɗin nan. Sunan garin asalinsa kududdufi mai laka ne, wani ɗan lungun ruwa ne da ke shiga cikin kogin Mersey, Sarki John na Ingila ya bawa garin takardar kafuwa a 1207. Blackpool ma haka, baƙin kududdufi.

Ta biyun kuwa daga Faransanci ta shigo, poule, wato kaza, kuma da ita 'yan karta suke kiran kuɗin da kowa ya zuba a tsakiya wanda yaci ya kwashe. Daga nan ma'anar ta faɗaɗa ta koma duk abinda mutane da yawa suka tara wuri ɗaya ake ɗiba daga ciki, kuɗi ne, motoci ne, ma'aikata ne, sunayen masu neman aiki ne. Kuma wallahi wannan ta biyun ita kuka fi cin karo da ita a ofis da jarida da jarabawa, amma ita aka fi tsallakewa a aji, a koya wa yaro swimming pool a firamare shikenan ya tafi da ita har jami'a, ranar da yaga pool resources a takardar jarabawa sai ya tsaya yana neman ruwa a cikin jimlar. Wannan abin yana damuna sosai.

Pool resources ko pool money together karo-karo ne, kowa ya kawo nasa a haɗa ayi abinda mutum ɗaya bazai iya ba, kaman yadda 'yan unguwa ke haɗa kuɗin gyaran taransifoma ko haƙa burtsatse. A nan kalmar aikatau ce, kina iya cewa we pooled our money, mun haɗa kuɗinmu. Car pool kuma shine mutane huɗu ko biyar masu zuwa wuri ɗaya su bar motocinsu a gida su shiga guda ɗaya a raba kuɗin mai, ko yau ta wane gobe ta wane. A Amurka har layi na musamman ake ware wa irin waɗannan motocin a wasu manyan tituna dan a rage cunkoso. Mu nan tunda aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ma'aikata da yawa haka suka koma yi, ko ba'a san sunan ba ana yin abin.

Waɗanda suka yi aikin gwamnati a da kuma zasu tuna typing pool. Ɗaki ne guda a sakatariya an jera tebura, kowanne da tafireta, masu buga takardu na zaune tun safe ba abinda kake ji sai ƙarar maɓallai da ƙararrawar nan da ke kaɗawa in an kai ƙarshen layi, yatsu duk sun yi shuɗi da takardar kabon, masinja ya shigo da fayil daga ofishin wane ya ajiye, duk wanda hannunsa ya sarara shi zai ɗauka. Ba na wani oga guda bane su, na ma'aikatar ne gaba ɗaya, shi yasa aka kira wurin haka. Kwamfuta ce ta kashe wannan ɗakin. Amma har yau akwai pool vehicle, motar ofis da ba'a bawa kowa ita ba sai dai a cike takarda a ɗauka a dawo da ita, da direbobin pool. In kaji ance an mayar da direba pool, to an ɗauke shi daga motar oga ne ya koma cikin masu jiran a aike su.

Har a rabon arzikin ƙasa kalmar tana nan fa. A 1958 kwamitin Raisman ya kawo abinda ake kira Distributable Pool Account, asusu ɗaya da ake zuba wani kaso na kuɗin shiga a raba wa yankuna, Arewa kashi 40, Gabas 31, Yamma 24, Kudancin Kamaru 5, lokacin tana tare da Najeriya. Wannan zaman da ake yi duk wata a Abuja ana raba kuɗi tsakanin tarayya da jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 tushensa kenan. Masu karanta Government ku riƙe wannan.

Toh yanzu Yaya in dawo kan taka. Eh, abinda mutanen Najeriya suka fi sani da pool shine wannan cacar, football pools. A Ingila aka fara ta, wani mutum John Moores da abokansa biyu suka kafa kamfanin Littlewoods a 1923, suka buga kufan, wato takardar da ake cikewa, guda 4,000 aka raba a bakin filin Old Trafford a Manchester, guda 35 kacal aka dawo da su, amma daga baya abin ya bunƙasa har kamfanonin Vernons da Zetters suka shigo, ya zama miliyoyin mutane a Ingila suna cike takardar nan duk mako, sai da aka fara cacar ƙasa ta National Lottery a 1994 kasuwarsu ta faɗi. Turawa suka kawo mana ita nan ta samu gindin zama a birane. Yadda take shine ana baka jerin wasanni 49 kowanne da lambarsa, kai kuma ka zaɓi waɗanda kake ganin za'a tashi canjaras, in kakar Ingila ta ƙare a koma wasannin Ostireliya dan kar shago ya rufe. Duk wanda ya taɓa bi ta Sabon Gari ranar Asabar da yamma ya san hoton, ɗan shago da benci da baƙin allo an rubuta lambobi da alli, dattijo da tabarau a kan hanci, biro a bayan kunne, tsofaffin takardu na shekara da shekaru a cikin leda yana ta lissafi wai ya gano sirrin lambar da bata faɗuwa, banka suke ce mata, rediyo a kunne ana jiran sakamako. Gashi ya yi furfura a kan bencin nan bai gina ko ɗaki ba.

An kira ta pool ne saboda kuɗin kowa ake tarawa wuri ɗaya, kamfani ya cire nasa tukunna, ragowar a bawa 'yan ƙalilan da suka dace. Kuma a nan nake so yaranmu su lura, dan na taɓa jin wani matashi yana cewa ai kaman adashe ne. Ba ɗaya bane ko kusa. A adashe duk wanda ya zuba zai kwasa, abinda ka zuba shi zai dawo maka, lokaci ne kawai ya bambanta. A nan kuwa dubu zasu zuba biyu su kwashe sauran su koma gida hannu rabbana, kuma wanda baya taɓa faɗuwa shine mai shagon. Caca ce, hukuncinta yana nan ƙarara a suratul Ma'ida aya ta 90 tare da giya. Yau ta bar benci ta koma cikin waya da sabon suna, yaro na ɗaki a kwance yana cinye kuɗin makarantarsa ba wanda ya sani, iyaye dan Allah a sa ido.

Sai wasan tebur ɗin nan da samari ke bugawa da sanda a bakin titi, wanda muke cewa sinuka. Yawancin teburan da kuke gani a unguwa pool ake bugawa a kansu ba sinuka ba. Pool ƙwallaye 15 ne masu lamba da fara guda ɗaya, rami shida, ɗaya ya ɗauki masu ratsi ɗaya ya ɗauki marasa ratsi, baƙar nan mai lamba 8 ita ce ta ƙarshe. Sinuka ta gaske teburinta ya fi girma nesa ba kusa ba, ƙwallayenta 22, jajaye 15 da masu launi 6 da fara, sojojin Ingila ne suka ƙirƙiro ta a Indiya. Shi ma wasan pool ɗin sunan ya samo shi ne daga kuɗin da 'yan wasa ke zubawa a tsakiya a da. Saboda haka in bature yace miki let's play pool ba ruwa zai shiga ba.

'Yan kirifto kuma nasan kuna nan kuna jira, mining pool ma duk tafiyar ɗaya ce, masu injina da yawa ne ke haɗa ƙarfin na'urorinsu wurin haƙo kuɗin kirifto dan mutum ɗaya zai daɗe bai samu komai ba, in an samu lada a raba gwargwadon aikin kowa, tun 2010 aka fara wannan a Bitcoin. Amma duk wanda ya turo maka link yace zuba kuɗi a pool ɗinmu su ninka cikin sati, riƙe kuɗinka.

Dabarar gane wacce ake nufi ba wuya, kalli kalmar da ke maƙwabtaka da ita. In akwai ruwa ko jini ko mai to taruwa ce ta abu mai gudana, in akwai kuɗi ko mota ko ma'aikata to haɗaka ce, in akwai play da tebur wasa ne, in kuma da s a ƙarshe ana maganar ƙwallo to ta Yaya ce.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu Hausawa shine faɗar kalmar, tunda p da f suna cakuɗe mana a baki. In baki haɗe leɓɓanki sun rufe ruf ba kafin ki saki iska, abinda zai fito shine fool, wato wawa, kuma a gaban masu intabiyu wannan ba ƙaramin abu bane. Ki sa tafin hannu a gaban bakinki ki faɗa, in kinji iska ta bugi hannun lokaci ɗaya to p ce, in ta zarce tana fita a hankali f ce. Sannan ki ja wasalin, puul, dan in kika gajarta ya koma pull wato jawo, irin wanda ake rubutawa a ƙofar banki. Kuma kar a haɗa da poll mai l biyu, wannan na zaɓe ne da jin ra'ayin jama'a, daga shi aka samu polling unit, rumfar zaɓe kenan. Naga ana yawan musanya su a rubutu har a cikin guruf ɗin nan, admin ma ranar ya rubuta zai saka pool a zaɓi ranar taro, poll ake nufi ranka ya daɗe.

Masu jarabawa kowa ya rubuto jimla biyu, ɗaya da ma'anar ruwa ɗaya da ma'anar haɗaka, ku turo nan zan duba bayan isha'i insha Allah. An kira magariba, sai anjima, wassalamu alaikum.