Shin ɗakin da mota ke ja yana buƙatar shokazoba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi ɗakin kwana irin wanda mota ke ja, na hannu, daga Turai, kuma ina so in riƙa kai shi gona ta hanyar Kachiya. Da na leƙa ƙarƙashinsa sai na ga babu shokazoba ko ɗaya, amma bakanikena ya ce haka aka ƙera shi. Shin akwai haɗari idan na ja shi a haka? Daga mai karatu a Barnawa, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bakanikenka bai yi maka ƙarya ba. Yawancin waɗannan ɗakuna na Turai, musamman masu ƙafar kamfanin AL-KO na Jamus (wato ƙarafan ƙarƙashi da ɗakin ke zaune a kai), ba su da sifirin na ƙarfe. Roba ce aka cusa cikin bututun aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin hagu da dama, ita ke ɗaukar nauyi, kuma da kanta take shanye wani ɓangare na girgiza. A kan titi mai santsi hakan kan wadatar, shi ya sa dokar Ingila ba ta tilasta sanya shokazoba ba. Jamusawa kuwa sun fi tsanani, domin ƙa'idarsu ga motar da ke jan ɗaki kilomita 80 ce a sa'a, kuma mai babban ɗaki da ke son izinin kilomita 100 sai ya sanya shokazoba mai mai, tayoyinsa kuma kada su wuce shekara 6.

Titunanmu ba na Jamus ba ne. Aikin shokazoba shi ne hana taya ci gaba da tsalle bayan ta faɗa rami, kuma tayar da ke sama ba ta riƙe kwalta, balle birki ya kama ta. A hanyar gona, bayan damina ta zaizaye ta, wannan tsalle ne ke kwance sukurorin kabad, ya tsattsage haɗin jikin ɗakin har ruwa ya fara shiga. Saboda haka shawarata ita ce ka sanya. Ka duba jikin ƙafar, galibi akwai wurin ɗaurawa da kamfani ya tanada, kuma kada ka yarda a yi maka walda a Panteka da shokazobar wata mota, domin kowace da nauyin da aka auna mata.

Sai dai shokazoba ba ta maganin lilon da ɗaki ke yi hagu da dama idan tirela ta wuce ku da gudu, wanda shi ne ke kifar da mota. Wannan daga lodi yake. Kaya masu nauyi, irin su janareta da jarkokin ruwa, su zauna a ƙasa daidai kan aksul, kada su koma baya, kuma nauyin da ke danne ƙugiyar mota ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyin ɗakin da kayansa, muddin bai haura iyakar da aka rubuta wa ƙugiyar ba. Idan lilon ya fara, ka ɗage ƙafa daga totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka taka birki da ƙarfi.