Amfanin shigar mata binciken lafiya

Kin tambaya ko akwai amfani mace ta shiga binciken lafiya da ake kawowa cikin al'umma. Akwai, 'yar'uwa, kuma ina ganin babba ne. A 1977 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta shawarci a cire matan da ke iya ɗaukar ciki daga gwajin farko na sababbin magunguna, sai a 1993 doka ta wajabta sanya mata a binciken da cibiyoyin lafiya na gwamnatin ƙasar ke ɗaukar nauyinsa. Irin wannan giɓi na cikin dalilan da suka sa aka makara wajen lura cewa bugun zuciya a wurin mace kan zo da tashin zuciya da kasala. Kafin ki sa hannu, ki nemi a karanta miki takardar amincewa cikin harshenki, ki tabbatar tana ba ki damar janyewa duk lokacin da kika so.