Ku Tambaya Mu Amsa: Bakin Wuƙata Yana Karkacewa In Na Gurza

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni yaron shagon walda ne a Tudun Wada nan Zariya, na fara ɗan ƙera wuƙaƙe da sifirin mota da nake samu wajen 'yan gwangwan saboda Babbar Sallah ta matso mutane na nema. To matsalar duk wadda na gurza a giranda sai in ga kaifin ya koma gefe ɗaya, wani wajen ma ya yi lanƙwasa, wani mahauci ya dawo min da guda biyu wai in yana yanka nama wuƙar gudu take yi gefe. Hannuna ne ko ƙarfen ne? Daga mai karatunku a Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ƙarfen ba ruwansa, sifirin mota ƙarfe ne mai kyau wajen wuƙa. Abin da ke faruwa kana gurza da ido ne ba ka da layin da kake bi, kuma kowane mutum hannunsa ɗaya ya fi ɗaya, gefen da ka fi jin daɗin riƙewa shi za ka fi ci ba ka sani ba. Dattawan maƙera da kake gani suna yi da ido shekaru ne suka ba su wannan, kai kuma ja layi za ka yi.

Amma kafin maganar layi sai ƙarfen ya miƙe tukuna. Sifiri a lanƙwashe yake zuwa, in ka buge shi a uwar maƙera ka ɗora shi kan gilashi mai kauri ko tayil ka danna, in yana rawa ko kana hango haske ta ƙasa to bai miƙe ba, koma ka gyara. Sannan wannan baƙar ɓawon da wuta ke bari ka goge ta fes gefe biyun, ka bi bakin da magagari ya yi sumul. Layin da aka ja kan ƙarfe mai doro shi ma doro zai yi, nan ne yawancin yara ke faɗuwa su ce dabarar ba ta aiki.

To yanzu sai ka shafe bakin gaba ɗaya da maka (alƙalamin tawada mai kaurin baki) baƙa ko shuɗiya, irin wadda ba ta gogewa da ake sayarwa ko'ina a kasuwar Sabon Gari. Akwai shuɗin ruwa na musamman da ake shafawa a manyan wokshop, Dykem, amma kar ka wahalar da kanka nemansa maka ta isa. Ka kwantar da wuƙar kan gilashin, ka ɗauko bakin diril ka kwantar da shi shi ma kan gilashin tsininsa na taɓa bakin wuƙar, ka danne shi da yatsa ka ja wuƙar a hankali daga gindi har tsini, za ka ga siririn layi fari ya fito cikin baƙin.

Lissafin ba wuya. Tsinin diril a tsakiyarsa yake, don haka in ya kwanta tsinin yana rabin kaurinsa daga ƙasa. Ƙarfe mai kaurin milimita 5 da diril mai lamba 5, wato mai kaurin milimita 5, layin zai faɗo a 2.5, tsakiya kenan. Amma ni gaskiya ba na son layi ɗaya, don da zarar giranda ta taɓa shi ya ɓace sai ka koma lalube. Ɗauki diril mai lamba 4, ka ja, ka kifa wuƙar ɗaya gefen ka sake ja. Kowane layi ya shigo milimita 2 daga gefensa, tsakaninsu ya rage milimita 1, wannan ɗan filin shi ne kaifinka kuma ba za ka taɓa shi ba yanzu. Kifawar nan ita ce kan gaba a duk aikin, ko diril ɗin bai yi daidai da kaurin ƙarfen ba, ko ma ba ka san kaurin ba, tsakiya dai tana tsakanin layukan biyu ba makawa. Mai kalifa, wato abin awon kauri mai haƙora, yana iya buɗe shi daidai ya ja da haƙorinsa, yana yi, sai dai yana cinye bakin kalifan kuma in na maigidanka ne ka san sauran.

Me ya sa za a bar milimita ɗayan? Saboda ba ka ba ta ruwa ba tukuna, wato ba ka gasa wuƙar ka tsoma don ta yi ƙarfi ba. Wuƙar da aka siranta bakinta sosai kafin a gasa a tsoma, bakin ne ke fara sanyi ya murɗe ko ya tsage, wata lanƙwasar da kake gani ma ina zargin daga nan take. In ba ka da abin awo gwada da katin ATM, kaurinsa milimita 0.76 ne, bakin ya ɗan fi shi kaɗan. Kuma sifiri a mai ake tsoma shi, ruwan sanyi na fasa shi.

Wajen gurzar, fara da karya kusurwar bakin, ka ɗan jirkita wuƙar sosai ka ci gefe biyun har ka kusa layi, daga nan ka riƙa kwantar da ita kana hawa sama zuwa gadon bayan. Ja biyu nan ja biyu can, kana dubawa ƙarƙashin haske, kar ka gama gefe ɗaya kaf sannan ka juya. Ka sa tabarau don Allah, masu zuwa asibiti da ɓurɓushin ƙarfe a ido ba su da kaɗan.

Guda biyun da mahaucin ya dawo da su an riga an ba su ruwa, ba lallai diril ya karce ƙarfen ba amma zai karce makar da ke kai, wannan ya wadatar. Ka dakushe bakin a dutse har ya yi faɗin da zai ɗauki layi, ka ja, ka ci gefen da ya fi tudu kaɗai, kana tsomawa a ruwa akai-akai don in ka ga bakin ya yi shuɗi to zafi ya kashe ƙarfinsa a wurin. Sai dai wata rana in baduku ya zo ya ce yana son wuƙar fiƙe fata, kar ka ja masa tsakiya, irin wannan gefe ɗaya ake gurzawa da gangan ɗayan a bar shi a shafe.