Zuwa ga 'yata mai karatu a ƙarƙashin bargo

Assalamu alaikum, 'yata. Saƙonki ya iso, na kuma gode da kika tuna da ni. Da na fara karantawa sai da na yi dariya, amma kafin in kai ƙarshe dariyar ta ɗauke. Kin ce kina son littattafan soyayya, da na ban tsoro, da rubutattun waƙoƙi, da ƙagaggun labaran kimiyya na masu tafiya sararin samaniya. Kin ce wata daga cikin iyayenki mata ta yi miki faɗa, wai 'yar mutunci ba ta zama tana karatun da ba na makaranta ba, ba na addini ba, kuma wai ba a san mu da haka ba. Shi ne kike tambayata ko da gaske manyanmu sun hana, ko ya kamata ki daina. Layin ƙarshe shi ya tsaya mini a rai, inda kika ce yanzu sai kowa ya yi barci kike buɗe waya a ƙarƙashin bargo.

Wanda duk ya ce karatun nishaɗi baƙon abu ne, bai zauna da tsofaffi ba. Tun ba a haife ni ba, a 1933, aka yi gasar rubuta labarai da Hausa, wadda ta fito da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, don waɗanda suka iya karatu su sami abin da za su buɗe bayan littafin aji. Amma bari in ba ki labarin kakata, wato mahaifiyar kakanki, don ita ce ta raba mini wannan gardama tun ina ƙasa da shekarunki.

Ina 'yar makaranta wata ƙawata ta ara mini wani littafi na Turanci. Bangonsa ya yage, shafin farko ma babu, har yau ban san wanda ya rubuta shi ba. Labarin wata mata ne da ta tare a wani tsohon gida, kullum da tsakar dare sai ta ji ana tafiya a ɗakin da ke samanta, alhali ɗakin a kulle yake. A ɗakin Kaka nake kwana. Daren nan ruwa ake tsugawa kamar da bakin ƙwarya. Na rage lagwanin fitila har ya zama ɗan ja, na juya mata baya, na kifa kai a kan takarda. Ina tsammanin ta yi nisa da barci, sai na ji murya daga kan gado: "Ke, wane ne ke bin ki a cikin takardar nan, kike haki haka?"

Jikina ya yi sanyi, na ce yau littafin mutane ya shiga wuta. Sai ta tashi zaune, ta gyara ɗankwalinta, ta ce, "Ƙara hasken. Abin da ya isa ya hana ki barci, ya isa ki ba ni in ji."

Kaka ba ta jin Turanci, ko boko ba ta yi ba. Dole in karanta layi, in tsaya, in mayar mata da Hausa. A nan na gane ashe gudu nake yi a kan labarin, rabinsa ma ban gani ba. Ita kuwa ba ta barin komai ya wuce. Matar nan ba ta da dangi ne? Me ya kai ta kwana ita kaɗai? Wa ya riƙe mabuɗin ɗakin kafin ta zo? Wasu amsoshin suna cikin littafin, na tsallake su don ɗoki, sai na koma baya na nemo. Muryarmu ta ta da yara. Mahaifinki, lokacin yana ɗan mitsitsi, ya rarrafo ya shige bayan Kaka ya damƙe gefen zanenta. Ƙanwar babanmu ta ratso ruwa daga ɗakinta ta zo ganin ko lafiya, ta tsaya a bakin ƙofa, daga tsayuwa ta zauna.

Mun kai daidai inda matar ta hau bene da kyandir, ta ɗora hannu a kan mariƙin ƙofa, sai fitilarmu ta yi fat-fat ta mutu. Kananzir ya ƙare. Ba ka jin komai sai ruwa a kan kwano, sai mahaifinki da ya fashe da kuka. Kaka ta ce, "Tsoro na daji, kunya na gida. Ku matso." Muka matsa har gwiwoyinmu na haɗuwa. Sai kawai ta ɗauki labarin daga inda na tsaya, cikin duhu, da bakinta. A nata, da matar ta buɗe ƙofa sai ta tarar da wata tsohuwa ce, wadda ɗanta ya tafi ya ce ta jira shi, masu gida suka tashi suka manta da ita, ita kuwa kullum dare tana kai-komo tana leƙa taga. Matar ta sauko da ita, ta riƙe ta har ƙarshen ranta. Kafin Kaka ta rufe baki yaran sun yi barci a jikinta.

Gari na wayewa, bayan ta idar da lazimi, ta ce in ɗauko takardar a ji yadda mai ita ya ƙare. A nasa fatalwa ce, kuma matar ta haukace. Kaka ta yi shiru jim, sannan ta ce, "Ya iya tsoratarwa, amma bai ji tausayin mutanensa ba. Nawa ya fi." Ta ɗan nisa, ta ƙara da cewa, "Ƙawar taki tana da wani?"

Shekaru bayan nan, ina koyarwa, na ci karo da labarin yadda aka rubuta wani littafin Turanci mai suna Frankenstein, sai daren nan ya faɗo mini. A 1816, a gefen tafkin Janiba, ruwan sama ya tsare wasu matasa a gida, suna karanta wa juna labaran fatalwa, har suka yi alkawarin kowa ya rubuta nasa. Ɗaya daga cikinsu, Mary Shelley, tana da shekara 18 a lokacin. Nata, wato Frankenstein ɗin, ya fito a 1818, labarin mutumin da ya haɗa wata halitta da iliminsa sannan ya gudu ya bar ta, kuma masana da yawa na lissafa shi cikin farkon ƙagaggun labaran kimiyya. Kin ga ita ma yarinya ce, kuma a tsakiyar mutane abin ya tsiro.

Na samaniyar nan kuwa mun sha gardama a kansu. A watan Yuli na 1969 rediyo ta ce mutanen Amurka sun sauka a kan wata, Kaka ta ce ita dai ta ji. A shekarar ce Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo ya fito, labarin yaron da wani baƙo daga sama ya ɗauke shi yawo. Da na karanta mata, wannan ta saurare shi da daɗin rai, don a cewarta shi mai littafin bai rantse mata cewa ya je ba. Babanmu ne ya shigo maganar. Ya ce wani Bafaranshe, Jules Verne, tun 1865 ya rubuta labarin mutum uku da aka harba zuwa wata daga Florida, kuma daga Florida ɗin aka harba na gaskiyar bayan fiye da shekara ɗari. Babanmu yakan ce abin da hannu ya ƙera, zuciya ce ta fara saƙa shi, don haka bai taɓa kiran irin waɗannan littattafai shirme ba.

Shi waƙa ce tasa. Ba ya yarda a karanta waƙa da ido kawai. In ya gan ni ina bin baiti baki a rufe sai ya ce, "Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma in mai ita ba ya nan, ara mata naki." Yana rera Imfiraji yana gaya mana mai ita, Aliyu Namangi, makaho ne, bai ga baƙi ko ɗaya ba, da kunne ya auna kowane baiti. Yana kuma tuna mana Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta yi waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa, mata suka haddace suka koyar da 'yan'uwansu. In kina son waƙa da gaske, 'yata, bargo ba wurinta ba ne, don a can ba za ki iya ɗaga murya ba.

Na san na soyayyar su ne asalin faɗan. Kaka ta ji irinsu da yawa daga bakina, ba ta kuma taɓa cewa in rufe ba. Sai dai duk lokacin da saurayin cikin labari ya yi wa yarinya wulaƙanci ita kuma tana ƙara narkewa, sai ta ce, "So hana ganin laifi. Ita son ya rufe mata ido, ke da ke karantawa me ya rufe naki?" Doka ɗaya ta taɓa kafa mini: labarin da ba zan iya maimaitawa a gaban wanda nake jin kunya ba, in mayar wa mai shi. Lokacin da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980 Kaka ta riga ta rasu, na karanta ina kewar tambayoyinta.

A nan ne nake ganin wadda ta yi miki faɗa ba za ta rasa abin da ta hango ba. Ku yanzu labari gutsure-gutsure yake zuwar muku a waya, an yanke shi daidai inda zai sa ki jira na gobe, wani marubucin ma in ya ga labari ya yi sanyi sai ya cusa batsa don kada a gudu. Yarinya ta kai ƙarfe ukun dare ido a kan haske, asuba ta wuce ta, da safe a tambaye ta me ya faru a labarin ta kasa kawo shi a jere. Babu wanda ya tare ta ya ce matar nan ba ta da dangi ne. Yana yi mini ciwo yadda muka bar ku ku kaɗai da waɗannan labarai, mu manya muka tsaya ga faɗa, ba mu ce a karanto mana mu ji ba. Abin da ya faranta mini a saƙonki shi ne ba ki maƙale wa iri ɗaya ba. Wadda ke karanta waƙa kunnenta yakan gane rubutun banza da wuri, ko da na soyayya ne.

Idona ya yi rauni yanzu, ƙananan baƙaƙe suna yi mini rawa. In kun sami hutu ki zo da guda biyu, ɗaya na samaniya, ɗaya kuma cikin na soyayyar, wanda kika fi so, ki zaɓa da kanki. Za mu zauna da rana tsaka, ƙofa a buɗe, kuma ki shirya, zan tsayar da ke in yi tambaya. Ita kuma uwar taki kada ki mayar mata da magana ko ɗaya, ki bar ni da ita, zan kira ta da kaina. Ki gaida mahaifinki da kyau, ki ce masa ya yi mini nisa.

Gwaggonki.