Abinci da karɓar baƙi a Sabiya

Malam, ka tambaya ko Musulmi zai sha wahalar abinci a Sabiya, ƙasar da ke Turai. A Belgrade, babban birnin ƙasar, ka riƙa tambaya kafin ka ci ćevapi, wato gasasshen niƙaƙƙen nama, don sau da yawa ana cakuɗa naman da na alade. Ni burek mai cuku, wani gashin fulawa, shi ne ya riƙe ni, sai da na isa birnin Novi Pazar, inda Musulmi suka fi yawa, na saki jiki da naman shanu.

Mutanen kuwa akwai karamci. Gidan da na sauka slatko suka fara miƙo mini, 'ya'yan itace dafaffu da sukari, cokali ɗaya da ruwan sanyi, sannan kofi. Da suka kawo rakija, giyarsu ce, na dafa ƙirji na ce addini ne, ba wanda ya ɓata rai.