Yaushe sifin ɗin ilektaron yake shiga lissafin filazma?

Tambaya: Malam, a ajinmu ana lissafin filazma, wato iskar da ƙwayoyinta ke ɗauke da cajin lantarki, a matsayin ruwa mai gudana, ko ambaton sifin ɗin ilektaron ba a yi. Amma na ji akwai lissafin da ke haɗa sifin da ka'idar Einstein. Yaushe ake buƙatarsa? (Ɗalibin fizik, Zariya)

Amsa: Ɗana, malamanka suna kan daidai. Sifin, wato wata ɗabi'ar ilektaron mai kama da juyi a kan kansa, yana mai da kowane ilektaron ɗan mitsitsin maganaɗisu, sai dai ƙarfinsa bai taka kara ya karya ba. A filin maganaɗisu mai ƙarfin tesla 1, kuzarin da ke jan sa ya bi filin daidai yake da zafin kelbin 0.67 kacal. Auna wannan da ITER, injin gwajin haɗa ƙwayoyin nukiliya da ake ginawa a Faransa: tesla 5.3, zafi digiri miliyan 150. Zafin yana watsa sifin ko ta ina, su soke juna.

Taurarin magneta, wato taurarin niyutaron masu tsananin maganaɗisu, su ne ke sauya zancen, don filinsu kan wuce tesla biliyan 10. Da zarar fili ya kai tesla biliyan 4.4, tazarar matakan kuzarin ilektaron ta kai keV 511, wato kuzarin nauyinsa. A nan dole a tashi daga lissafin Dirac na 1928, wanda ya haɗa sifin da ka'idar Einstein. Ana sake rubuta shi da cunkoso, gudu da sifin, yadda Madelung ya yi wa lissafin Schrödinger, wanda bai haɗa da ka'idar Einstein ba, a 1926, a ɗauki matsakaici kan ɗimbin ƙwayoyi, sannan a haɗa da lissafin Maxwell na lantarki da maganaɗisu. Sababbin abubuwa kan fito: turin da sifin ke samu inda filin ya bambanta daga wuri zuwa wuri, da lantarkin da jeruwar sifin ke haifarwa.

Ga inda ake yawan tuntuɓe. A farin wadan tauraro, wato ragowar tauraron da makamashinsa ya ƙare, inda santimita guda ta kowane gefe take ɗauke da kusan tan ɗaya, ba da zafi ake auna sifin ba, da kuzarin Fermi ake aunawa, wato kuzarin matakin ƙoli da ilektaron suka cika. Dokar Pauli, wadda ta hana ilektaron biyu zama a yanayi iri ɗaya, ta riga ta haɗa ilektaron bibbiyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sai na matakan ƙoli kaɗai ke iya juyawa. Wanda ya auna da zafi zai kambama tasirin sifin ƙwarai. A irin wannan cunkoso ne kuma matsi ke rage saurin ƙaruwa da cunkoso, daga ƙarfin 5/3 zuwa 4/3, tushen iyakar Chandrasekhar, wato iyakar nauyin farin wadan tauraro, kusan ninkin nauyin rana 1.4.

Ka kuma kiyaye gajerun igiyoyin da ke kaɗawa a cikin filazma. Lissafin ruwa ba ya ganin dusashewar Landau, wato yadda igiya ke raunana ba tare da ƙwayoyi sun yi karo ba, don haka a nan sai ka koma lissafin Wigner, mai bin rabe-raben gudun ƙwayoyi.